Zanen Rijiyar Malam Idrisu

Challawa, Kumbotso
Farkon watan Rabi'ul Awwal

Zuwa ga jikata Saudat,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwata ta dama da ta ƙi jin magani. Uwargidana Inna Ladi tana gaishe ki. Ta ce in tambaye ki ko ana samun daddawa a Malesiya, na ce mata masu neman digiri na uku sun wuce miyar kuka, ta ce ƙarya nake yi.

Na rubuta da ajami kamar kullum, 'yata Fiddausi za ta ɗauki hotonsa da wayarta ta tura miki. Kada ki ce mini ya yi miki wuyar karantawa. A zauren nan kika koye shi, lokacin da kakarki Safiyatu, 'yar baffana, take kawo ki hutu, kina kuka kina lasar tawada. Maganar cikin waya ba na son ta, kafin mutum ya gama tunani layi ya yanke.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Kin san rijiyar ƙofar gidana, wadda rabin unguwa ke ɗiba. Tun da aka faɗaɗa kamfanin jimar fatan nan na bayanmu, kwatar da ke kwashe ruwan dagwalonsu ta matso kusa da mu. Bara wasu samari daga jami'a suka riƙa zuwa duk wata da 'yan kwalabe, su ɗebi ruwa, in sun dawo su bar mini takarda cike da lambobi da Turanci. A zuwansu na ƙarshe babbansu ya ce gara a dakata da sha har su kawo sakamako. Na sa murfi, na sa kwaɗo. Daga ranar ban sake ganin ƙeyarsu ba, lambar wayar da suka bari kuma ba ta shiga.

Muna ta lallaɓawa da 'yan ga-ruwa. To yanzu Fiddausi ta dawo gida goyon ciki, haihuwar fari, kuma watanta ya kusa. Ke ba ki sani ba, amma tambayi uwarki yawan ruwan da wankan jego yake ci: tukunya a kan wuta safe da yamma har a yi arba'in, ga wankin jariri, ga kunun kanwa. Kurar mai ruwa ba ta shigowa lungunmu in an yi ruwan sama, tireloli sun gama da hanyar, taɓo ne har ƙauri. Inna Ladi kullum sai ta kalli rijiyar ta kalle ni. Maƙwabta ma sun fara cewa ai ruwan garau yake, ba wari ba launi, Malam ne dai da tsoro.

Takardun duka suna nan, na sa an ɗauki hotonsu tare da wannan. Na jera su a kan buzu na yi ta kallo, in na kama lambar ta farko, kafin in kai ta uku ta kuɓuce mini. Uwarki ta ce karatun da kike yi na zane-zane ne, wai yadda ake mayar da lissafi hoto. Na yi dariya, na ce an kai yarinya bayan teku ta koyo abin da yara ke yi da gawayi a bangona ina korarsu. To ga ranarki ta zo, amarya. Nuna wa tsohon mijinki amfanin wannan karatu. In buɗe ko in bari?

Wasa nake yi miki, amma raina ba a kwance yake ba. Fiddausi ita ce autata.

Kakanki,
Malam Idrisu

*

Malesiya
Satumba

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da ladabi, ina gaida Inna da Fiddausi da duk mutanen gida. Na ji batun gwiwa, Allah Ya kawo sauƙi. Ni lafiyata ƙalau, sai ruwan sama da ba ya gajiya a ƙasar nan. A gaya wa Inna daddawata tana nan a ƙasan akwati. 'Yar ɗakinmu ta taɓa kiran masu shara, ta zaci wani abu ne ya mutu. Ku yi haƙuri da ajamina, hannun ya kwana biyu bai yi ba.

Kun ce zanen gawayi. Na ji, kuma zan rama.

Malam, abin da ya same ku a kan buzu shi ne ainihin abin da muke karantawa. Kan ɗan Adam ba ya iya riƙe abubuwa da yawa a lokaci guda. In ya kama uku ko huɗu, na gaba sai ya ture na farko. Ba tsufa ba ne, ni ma haka nake. Shi ya sa mutum yake fitar da wani ɓangare na tunaninsa ya ajiye a waje, inda ido zai riƙe masa. Ku da kanku kuna yi. Na sha ganinku in an zo rabon gado, sai kun share ƙasa kun zana gida-gida, na matar mamaci nan, na 'ya'ya nan, kafin ku buɗe baki. Carbi ma haka ne, yatsa ke riƙe ƙidaya don zuciya ta ji da zikiri. Malamanmu suna cewa tunani ba a cikin ƙoƙon kai kaɗai yake faruwa ba, yana faruwa ne tsakanin kai da abin da aka shimfiɗa a gabansa.

Na biyu kuma, ido ya fi harshe sauri. Kafin mutum ya karanta lamba ɗaya, idonsa ya riga ya ga tudu da gangare, ya tsinci jan abu a cikin baƙaƙe. Akwai masu ja da wannan, suna cewa hoto ba ya magana sai da wanda aka koya wa yadda ake kallonsa. Malamar da ke duba aikina tana cikinsu, kullum muna musu. Ni ina ɓangaren ido, a kansa ma nake rubuta kundina. Na yi imani zane mai kyau ba ya buƙatar tafinta.

Na zauna da takardunku. Abin da samarin suke aunawa wani sinadari ne da ake jima da shi, sunansa kuromiyom. Ba ya wari, kuma ba lallai ne ya sauya launin ruwa ba. Na tattara lambobin duka na mayar da su zane guda. Na cire Turancin, na cire lambobin, har sunayen watanni na cire, don kada wani abu ya tsaya tsakaninku da shi. Layi biyu ne kawai. Jan da ya miƙe a kwance shi ne iyaka: ƙasansa ruwan sha ne, samansa haɗari. Baƙin kuwa rijiyarku ce, wata bayan wata. Ku sa yatsa a farkonsa, ku bi shi har ƙarshe, ku ga inda ya tsaya.

Kun ce ku buɗe ko ku bari. Ni ban isa in ba ku umarni a kan rijiyarku ba, kuma ba sai na yi ba. Kallo ɗaya za ku yi ku ba kanku amsa, daga nan sai ku janye maganar gawayi. Musbahu mijin Fiddausi ya buga muku shi a takarda, amma mai launi, kada a yi baƙi da fari.

Allah Ya sauki Fiddausi lafiya. Hankalina yana wurinku.

Jikarku,
Saudat

*

Challawa
Tsakiyar Rabi'ul Awwal

Zuwa ga Saudat,

Aminci ya tabbata a gare ki. Muna lafiya, gwiwa ma ta yi sauƙi, ina jin farin ciki ne ya shige ta. Fiddausi ta yi nauyi ƙwarai, ƙafafunta sun ɗan kumbura, amma a wurin awo sun ce babu komai.

Alhamdu lillahi. Musbahu ya biyo da takardar bayan ya taso daga aiki a Sharada. Ya so ya tsaya mu duba tare, na ce ya ba ni wuri, saƙon amaryata ne. Na shiga zaure na yi bisimilla, na sa yatsa a farkon layin kamar yadda kika ce. Ya faro can sama, bisa jan, abin ban tsoro. Sai ya riƙa gangarowa. Ya ɗan dakata a tsakiya, ya sake gangarowa, ya ratsa jan ya shige ƙasansa, a nan ya kwanta. Saudat, sai da idona ya kawo ruwa. Abin da tarin takardu suka kasa gaya mini wata da watanni, layinki ya gaya mini kafin in sauke numfashi.

Na janye maganar gawayi. Gaskiyarki ce, da na ga gangaren nan sai na ji nauyin da ke kaina ya koma kan takarda. Ko damina ce ta wanke ƙasar, ko masu kamfanin ne suka ji tsoron Allah suka gyara kwatarsu, ban sani ba.

Na cire kwaɗon da hannuna. Bayan sallar la'asar na miƙe a masallaci na ɗaga takardar, na ce jikata da ke karatu a Malesiya ta duba lamarin, guba ta sauka, kowa ya zo ya ɗiba. Mutane suka yi ta sa miki albarka. Isyaku mai shayi ya ce in kin dawo shayinki kyauta ne har abada, na ce masa ki fara ɗanɗanawa kafin ki yi godiya.

Inna Ladi ta wanke randuna ta cika su. Fiddausi ta ce ruwan gida ya fi sanyi, na jarka warin roba yake yi mata, yanzu tana sha sosai. An tara itace, an kawo babbar tukunya daga gidan yayarta. Haihuwa kawai muke jira. Takardar kuma na manna ta a bangon zaure, daidai inda nake korar masu gawayi.

Allah Ya yi miki albarka, Ya ba ki miji wanda ya fi ni, ko da yake da wuya.

Kakanki,
Malam Idrisu

*

Malesiya
Oktoba

Malam,

Assalamu alaikum. Ku gafarce ni, gaisuwa ta biyo baya. Ku rufe rijiyar yau. Kada Fiddausi ta ƙara sha, kada a yi mata wanka da shi, a zubar da na randa.

Layin ba sauka yake yi ba, hawa yake yi. Daga hagu ya fara, kamar rubutun boko. Ku kun fara daga dama. Inda kuka ɗauka shi ne farko, can sama, nan ne ƙarshensa, nan ne watan da samarin suka auna na ƙarshe.

Ina ta kiran wayar Fiddausi ba ta shiga. Fiddausi, in ke kika fara ganin wannan, ki kai wa Malam yanzu, kada ki jira ya dawo daga masallaci.

Saudat

*

Malesiya
Oktoba

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan ta same ku lafiya, ku da Inna da Fiddausi. Ina rubuta kalmar lafiya alhali ban san halin da kuke ciki ba. Saƙon da na tura wayar Fiddausi har yanzu bai shiga ba, lambar Musbahu kuma ba ni da ita. Na kira Umma na gaya mata komai, ita ma ta kwana biyu ba ta ji ɗuriyarku ba. Za ta buga wannan a takarda ta taso daga Na'ibawa ta kawo muku hannu da hannu.

In saƙon farko bai iso ba, ga shi a fili, da kalmomi, yadda ya kamata in faɗa tun farko: ruwan rijiyar ba na sha ba ne. Sinadarin ƙaruwa yake yi, kuma ya haye iyaka. Tafasawa ba ta maganinsa, don ba ƙwayar cuta ba ce da wuta za ta kashe. A kai Fiddausi asibiti tare da takardun samarin nan, a gaya wa likita tsawon lokacin da ta yi tana sha.

Wasiƙarku ta daɗe da isowa. Na ga shigowarta ina tsakiyar shirin gabatar da aikina gaban malamai, na ce ajamin Malam sai an zauna, bari in gama. Makonni suka wuce. Da na buɗe ina murmushi, har na kai inda kuka ce ya faro can sama. Na koma na karanta, na ɗauko zanen na sa yatsana a dama, sai ga gangarenku, sumul, kamar yadda kuka faɗa. Ba ku yi kuskuren gani ba, Malam. Abin da na ba ku kuka gani.

Ni da na koyi alif a zaurenku, ni da nake rubuto muku daga dama zuwa hagu, ban tsaya na tambayi kaina daga ina yatsanku zai fara ba. Sunayen watannin da za su tsare ku, ni na cire su da hannuna, ina ganin gwaninta na yi. Kun yi mini tambaya mai amsa ɗaya, na tsaya neman cin musu.

Yanzu na ga inda maganata ta gaza. Akwai abin da ido yake zuwa da shi daga haihuwa: ja ya fita daban, dogo ya fi gajere. Amma inda jiya take a kan takarda da inda gobe take, wannan koya ake yi, a hannun wanda ya fara riƙe wa yaro yatsa. Gidajen gadon da kuke zanawa a ƙasa suna aiki ne don kuna tsugune a wurin kuna cewa wannan na wane ne. Ni na aiko zane, na bar shi ba kowa a gefensa. Na kai wa malamata shi, na zaci za ta ce ai ta sha gaya mini. Ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaye ni ko an haihu. Na ce ban sani ba.

Na sake zana shi da hannuna, daga dama, kowane wata da sunansa da ajami, na rubuta farko a farkonsa, ƙarshe a ƙarshensa. Yana tare da wannan. Ku cire wancan daga bango.

Na san abin da na jawo muku a masallaci. Ku ce ni ce, don ni ce. Ku dai aiko mini da labarin Fiddausi ko da layi ɗaya ne, abinci ma ya ƙi shiga.

Jikarku,
Saudat

*

Challawa
Jimada Ula

Zuwa ga jikata Saudat,

Bayan sallama, ina fatan kina lafiya, kuma kin koma cin abinci. Uwarki ta gaya miki ta waya cewa an sauka lafiya, amma na san sai kin gani da tawada za ki yarda. Mace aka samu, sunanta Sumayya. Ta zo 'yar ƙarama, ba ta cika hannu ba. Wayar Fiddausi a ruɗewar naƙuda ta faɗa cikin baho, sai kwanan nan Musbahu ya karɓo ta daga wurin gyara. Ni kuma na kasa ɗaukar alƙalami da wuri, ba don fushi ba.

Uwarki ta iso da hantsi, bayan suna da kwana kaɗan, taɓo har gefen zanenta. Ta tarar da tukunya a kan wuta, Inna Ladi tana jiƙa ganye. Ko zama ba ta yi ba ta miƙo mini takarda. A tsaye na karanta. Na shiga zaure na sa yatsa a wancan gefen na bi layin, ya yi ta hawa da ni har ya fice. Na fito na ce a sauke tukunyar. Inna ta ce, "Malam, ruwan ya riga ya tafasa." Na ce a zubar.

Na mayar da kwaɗo. Da la'asar na miƙe a inda na miƙe wancan karon. Tun da nake limanci ban taɓa tsayawa na ce abin da na gaya muku ba haka yake ba, sai ranar. Isyaku ya ce, "To Malam, wanne za mu ɗauka, na da ko na yanzu? Mu fa da shi muke dafa wa jama'a shayi." Na ce na yanzu. Ya ce, "In wata takardar ta sake zuwa fa?" Har yau akwai masu gaishe ni suna kallon gefe.

Kin ce in ce ke ce. Ban faɗa ba. Musbahu da ya yi boko yana tsaye a ƙofar zaure ranar, ni na kore shi don kada a raba ni da saƙon amaryata. Ke kin cire rubutu, ni na kori mai karatu. Kowa ya riƙe nasa, mu nemi gafarar Allah. Karatunki kuma kada ki raina shi. Sabon zanen da kika aiko na sa an liƙa a murfin rijiya cikin leda, mata suna tsayawa suna bin sa da yatsa, sun fi jin maganarsa a kan tawa.

Ruwa yanzu daga bakin titi ake ɗauko mana jarka a ka. An rage wankan ya koma sau ɗaya a yini, Inna tana ta mita wai za a bar yarinya da ɗanyen jiki. Fiddausi ta yi ƙaiƙayi a hannu da baya. Likita ya ce ba zai iya rantsewa ko ruwan ne ko zafin wanka ba. Sun ɗebi jininta, sun ce babu abin tayar da hankali a yanzu, amma a riƙa kawo jaririyar ana ɗora ta a sikeli, a ga yadda take tafiya. Kalmar nan ta "a yanzu" ita ce ta tsaya mini a rai.

To ga abin da nake so. Sun ba mu kati. Duk zuwa, ma'aikaciyar asibitin tana ɗiga ɗigo a jiki, ta haɗa shi da na baya da biro. Ɗigon ya zama layi, gajere. Jiya da suka dawo na karɓa na shiga zaure. In na fara daga dama, Sumayya ramewa take yi. In na fara daga hagu, ƙiba take yi.

Na san katin na boko ne. Na san abin da za ki ce. Fiddausi ta ce an gaya mata yarinya tana ƙaruwa, Inna ma ta ce ta fara nauyi a baya. Musbahu na kira shi da kaina, ya duba ya ce hawa ne. Duk na ji. Amma wancan karon ma na tabbata, har na yi kuka don murna, na tara mutane.

Hoton katin yana tare da wannan. Kada ki ajiye sai kin zauna, amarya, ki duba yau. Ki rubuto mini da kalmomi, daga wane gefe zan sa yatsana.

Kakanki,
Malam Idrisu